Faifai Na Uku

Ƙarfe biyun dare, unguwar Zariya ta yi tsit,
sai sabar asibiti ke gurnani a ƙuryar biro.
Faifai huɗu ke riƙe da sunayen majinyata;
na ukun yana tari tun la'asar.

Sahura ta leƙo da safar hannu:
"Kada ka kashe mani ita, Rabe,
mata biyu na kan gwiwa."

Ban kashe ba.
Na rubuta masa sallama a baƙin allo,
na zare shi da ɗuminsa,
kamar mai cire azara
alhali mutanen ɗaki na barci.
Sauran ukun suka raba kayansa.

Sabon ya shiga fayau, bai san kowa ba.
'Yan'uwansa suka hau biya masa
abin da tsohon ya haddace:
tara cikin ɗari... sha bakwai...
Ni dai kada a ɗauke kuran.

Shayina ya huce a saba'in da ɗaya.
Wajen asuba jariri ya tsala kuka.
Sahura ta shigar da nauyinsa, kilo uku,
ya sauka kan faifan
da ko sauke karatu bai yi ba.