Sahu Ɗaya a Panteka

A masallacin bayan Panteka,
inda guduma ke yin shiru in an kira salla,
Tanimu mai walda kan ɗora dama bisa hagu,
Baba Ilu kuwa ya saki nasa hannuwa
yadda malaminsa ya koya masa a Zariya.

Ni yaron shago, tsakaninsu nake tsayuwa,
kafaɗa ga wannan, kafaɗa ga wancan.

Rannan wani ya ja ni gefe:
"Ɗayansu fa ba shi da salla."
Na kai wa Baba Ilu zancen da zafinsa.
Bai ɗago ba sai da ya wanke ƙafa:
"Malaman da suka saɓa sun fi mu karatu,
amma ba su raba buta ba.
Miƙa wa Tanimu sauran ruwan nan."

Da iskar damina ta yaye kwanon masallaci,
Ilu ya riƙe tsani, Tanimu ya hau.
Ban ga ƙabalu ba, ban ga sadalu ba,
hannu huɗu na gani, da ƙusa a baki.

La'asar ta yi, liman ya ce a daidaita sahu.
Na gyara tsayuwa.
Ƙafata ta taɓa ta kowa.