Akwatin Ƙuri'a a Kan Teku

Ƙuri'a arba'in da uku,
su ne lodina yau.
Jiya tumaki na ɗauko, shekaranjiya gawa,
yau akwatin baƙin ƙarfe
da ɗan sanda zaune a kansa,
ya dafe ciki, yana haɗiyar yawu,
don tekun Donegal bai san hukuma ba.

Ni Mánus, ɗan Hiúdaí mai jirgi,
na san kowane hannu da ya ninke takardun nan.
Nábla ce ta fara isowa,
da sandarta, da shekarunta casa'in da ɗaya.
Aka miƙa mata takarda mai harshe biyu,
ta ga namu a sama, Ingilishi a ƙasa,
ta ce, "Sun ɗaga shi
kamar hoton mamaci a bango."

Mu nan ba dangwale ɗaya muke yi ba.
Ɗaya ga wanda kake so,
biyu ga wanda za ka iya haƙuri da shi,
haka har ƙasan takarda.
Nábla ta bi sunaye goma sha ɗaya tana lasar fensir,
duk don daɗin rubuta sha ɗaya
gaban wanda ya yi alkawarin gyara mana matsayar jirgi
tun gashin kaina yana baƙi.

Daga tsakiyar ruwa, in ka waiwaya
rana ta karkata,
za ka ga kunyoyi a jikin tudu.
Ciyawa ta lulluɓe su, ba ta shafe su ba.
Dankali aka shuka a nan
shekarar da ya ruɓe tun yana ƙasa.
Ba wanda ya dawo tono.
Wasu na kwance bakin gaɓa, ƙarƙashin duwatsu marasa suna,
wasu jirgi ya kwashe su Amurka,
hatsi kuwa na fita ta tashoshin ruwa
da rakiyar bindiga.

Kakan kakana, a makaranta,
an rataya masa ɗan itace a wuya.
Duk kalmar gida da ta suɓuce masa, a yi tsaga,
da yamma a ƙirga, a biya da bulala.
Bai saki harshen ba.
Ya ɓoye shi yadda ake rufe garwashi da toka,
da safe a hura.
Yau ba bulala, ba itace,
gwamnati ma kuɗi take zubawa,
amma yara huɗu suka rage a ajin.
Jikana kuwa, a waya daga Sydney,
in na kira teku da sunansa
sai ya dubi uwarsa.

Can gaba, bayan tsaunin da hazo ya ci rabinsa,
hanya za ta kai ka inda ba ƙofa, ba shinge,
sai dai kilomita ta koma mil,
kuɗin aljihunka ya zama baƙo.
Gundumomi shida ke nan da ke kallon Landan.
Ƙanwar uwata can ta yi aure,
can ta binne ɗa.
Ruwan sama dai bai taɓa tsayawa
ya tambayi gonar wa yake jiƙawa ba.

Mun iso.
Ɗan sanda ya rungumi akwati kamar jariri,
ya hau matakala yana tangaɗi.
Gobe za a juye mu cikin dubbai,
a yi ta ƙirga kwana da kwanaki,
ɗayan wani, bakwan wani,
kafin wani ya sa kwat ya nufi Dublin.

Na juyo da fulawa, da tukwanen gas,
da wasiƙar asibiti guda.
Tana tsaye kan dutsen matsayar da ya tsage,
iska na fizgar gyalenta.
Kafin in jefa igiya ta ɗaga murya da harshenmu:
"Ta jiƙe?"
Na ce, "Ba ta jiƙe ba, Nábla."
Ta gyaɗa kai, ta juya.
Wasiƙar tata ce.
Na bar ta a aljihu sai da safe.