Lamba Sittin da Biyu

A Shika aka ba ni biro da tarin takardu.
Dakta Zulai ta ce, "Ki bi su a sannu,
awa nawa suke samu, yaushe ido ke buɗewa.
Ban da suna, lamba kawai."

Lamba goma sha ɗaya tela ne a Tudun Wada.
Tun ranar da aka sace masa keken ɗinki
ƙafarsa ke taka feda cikin dare,
tana ɗinka rigar da ba ta da yadi.
Na ce, "Awa nawa, Baba?"
Ya ce, "'Yata, wa ke auna ruwa da rariya?"
Na rubuta biyu.

Lamba talatin ɗaliba ce daga Kongo.
Kwana tara ba ta runtsa ba, kuma ba ta gaji ba.
Ta rabar da takalmanta, ta wanke ɗaki sau huɗu,
ta ce kafin Juma'a za ta gyara ƙasar nan.
Mahaifiyarta na gefe tana murza bakin mayafi:
an sha rubutu, an yi hayaƙi, an sayar da tunkiya.
Na duba takardata sama da ƙasa,
babu gurbin tunkiya.

Abin da Dakta ke nema shi ne wa ya riga shiga gida.
Rashin barci ne ke zare wa damuwa sakata,
ko damuwa ce ke korar barci ta gaje tabarmarsa?
Ta ja layi biyu a allo,
suna hawa tare kamar Kubanni da damina,
an rasa na gaba.

Na ce wa wani tsohon direba, dare mahutar bawa.
Ya yi dariya har da tari.
"Wanda ya faɗi haka bai taɓa jin yaron motarsa
yana kiran fasinja da ƙarfe uku ba,
shekara bakwai bayan an kai shi makwanci."
Shi ne na arba'in da biyar.
Maganin ya rage muryar, in ji shi,
amma yanzu shirun ne ke tashinsa.

Mutum sittin da ɗaya na tambaya.
Da magariba nakan sauka a Kwangila,
in kai su gida cikin jaka.
An ɗauke wuta, fanka ta tsaya.
Ina jin tireloli suna gangarowa daga hanyar Kano,
na san mai ɗauke da shanu, na san mai siminti.
Maigadin layinmu ya busa usur sau uku.
Ƙanwata Asabe na minshari, Allah ya ƙara mata.

Da ladan ya gyara murya a lasifika,
na kunna tocila, na zaro takarda ɗaya da ta rage.
Shekaru: ashirin da takwas.
Tun yaushe? Tun watan azumi.
Awa nawa?
Biro na hannuna har gari ya waye.