Tafinta a Kotun Bompai

Aikina dakon magana ne daga baki zuwa kunne,
kamar mai ɗiban ruwa da gwangwani mai yoyo.
Shekara goma sha tara ina yi:
rikicin gado, iyakar gona, satar awaki.
Yau aka kawo mini Tanimu Agogo.

Da can yana da teburi a bakin Kantin Kwari,
gilashi a ido ɗaya, hantsaki a hannu,
yana farfaɗo da agogon da ya suma.
Ya tafi gabas barkar ƙanwarsa,
a shingen hanya aka ce ya yi kama da wani.
Kama da wane ba wane ba ne,
amma kamar ta ci masa wata talatin da ɗaya.

Ƙa'idar aiki ta ce in ya ce "ni", ni ma in ce "ni".
Sai na miƙe da rigata mai sitati
na ce da Turanci: sun rataye ni ta baya.
Na ce: mu tamanin ne a ɗakin tabarma huɗu,
barci bi da bi, a tsugune.
Na ce: ƙishi ya sa na lashi gumin bango.
Fanka tana juyi.
Magatakarda yana neman murfin bironsa.

Kalma ɗaya ta gagare ni.
Ya ce a can suna kiran abin "shan shayi".
Alƙali ya sauke tabarau: wane irin shayi?
Tanimu bai amsa ba,
ya dai shimfiɗa yatsu goma a kan katako,
kowanne ya kama gabansa
kamar 'yan gida ɗaya bayan rabon gado.
Likita ta auna tabon bayansa da rula,
ta karanto tsawo da faɗi.
Zurfin ba ya cikin takardarta.

Wanda ake tuhuma yana zaune da furfura da carbi,
irin dattijon da za ka matsa wa a sahu.
Ya ce lokacin yaƙi ne.
Ya ce daga sama umarni ya zo,
sai ka ce ruwan Agusta.
Littafin tsararru kuwa, an ce gara ta cinye,
gara mai ilimi, da ta san shafin da za ta fara.

Lauyansa ya taso yana gyara baƙar riga:
"Da ƙarfe nawa aka yi maka haka?"
Na juya tambayar, harshena yana ɗaci.
Mutumin da ya saita wa rabin kasuwa lokaci
ya ce: "Ranka ya daɗe, can babu ƙarfe,
sai wanda ake duka da shi."

Daga nan ya nemi izini.
Ya ce abin da gara ta ci yana kansa,
kullum dare yana bitarsa kamar hadda.
Ya fara:
Modu Fannami, mai kifi.
Iliya Garba Tela.
Bitrus, direban tanka.
Wani yaro Ɗanliti, da bai faɗi sunan ubansa ba
don kada a je a ɗauko shi.
Ya kai arba'in da uku.
Na tsaya hannu a ƙirji, baki a rufe.
Suna ba ya son tafinta.

An ɗage zama sai bayan Sallah.

A bakin ƙofa, muna jiran adaidaita,
ya dubi tsintsiyar hannuna:
"Malam, naka yana latti da minti huɗu."
Na kwance na ba shi.
Ya kara a kunne, ya lumshe ido, ya daɗe.
Ya ce: "Na ji abin da ke damunsa."
Ya miƙo mini da tafukan hannu biyu,
yadda ake miƙa ɗan tsako.