Lissafin Maɗori

Jikana Mudassir ne ya ja ni,
bayan isha'i, an gama kakar riɗi, Gadarif ta huce.
Ya ce, Kaka, zo ka ga faɗa.
Na ce, shekara arba'in faɗa ke zuwa ƙofata
a kafaɗar mutum biyu,
ban taɓa biyan kuɗin kallo ba.

Rumfar Bashari: benci shida, inji na tari a bayan katanga.
Allo ya haska wani birnin Koriya, ruwa na dukan kwalta,
ga siririn ɗan sanda da baƙar riga.
An kashe masa ƙane, in ji rubutun Larabcin
da ke gudu a ƙasa kamar kiyashin da aka watsa wa toka.
Ya shiga ɗakin ajiyar kifi shi kaɗai.

Na farko ya tare shi, ya murɗe masa hannu.
Yara suka ɗau sowa. Ni ƙarar na ji,
na ce tsintsiyar hannu, mako shida.
Na biyu gwiwa, ta gefe aka daka,
in mai salla ne ya yi ban kwana da tsayuwa.
Na uku allon kafaɗa. Na huɗu haƙarƙari,
zai yi wata yana roƙon kada a ba shi dariya.
Mudassir ya zungure ni: Kaka, ana jin ka fa.
Baki ya yi shiru, yatsu suka ci gaba.

Sha tara na samu kafin ya kai ga ubangidansu.

Ba na musu, yaron ya iya.
Ƙafarsa na tashi kamar lauje a gonar dawa,
ya san duk inda Allah ya ajiye gaɓa, yadda na sani.
Makaranta ɗaya muka shiga, ya fita ta wata ƙofa.
Amma allo ya bi shi har saman bene,
ya bar mini sha tara kwance cikin ƙanƙara da kifi,
ba wanda ya waiwaye su.
Wa ke da kara da zare a garin nan?
Mai gwiwar nan, na ga zobe a yatsansa,
akwai wadda ta rufe shinkafa tana sauraren ƙofa.

Kwana uku da haka, da hantsi,
sai ga Jazuli ɗan Hajja Sakina mai shayi,
hannu na lilo kamar reshen da akuya ta hau.
Daga kan jaki na faɗo, in ji shi.
Na shafa. Jaki ba ya murɗa haka.
Na dubi Mudassir, yana ta rubutu a ƙasa da yatsan ƙafa.

Na ce, zo nan. Riƙe masa gwiwar hannu.
Kada ka kau da kai.
Na ja, ƙashi ya yi magana.
Ba kiɗa a baya, ba ruwan sama,
sai kukan yaro da ƙudaje da warin man shanu.
Mudassir ya jiƙe sharkaf, bai saki ba.
Na miƙa masa karan dawa: fere. Ya fere.
Jera. Ya jera.
Ɗaurinsa ya yi sako-sako, na kwance, ya sake.

Da yamma muna shan gahawa ya ce,
Kaka, ɗaya tal ya cinye mana hantsi har azahar,
shi kuwa sha tara kafin kofi ya huce.
Na ce, to.

Jumma'a mai zuwa akwai kashi na biyu.
An ce wannan karon cikin jirgin ruwa ne, sun fi arba'in.
Na ba shi kuɗin mutum biyu,
na ce ya kama mana bencin gaba.
Daga nesa idona ya daina rarrabe
idon sawu da ƙwauri.