Hannun Dama

Ran Talata, rana tsaka, a shagona na Zango,
ina kan wuyan rigar wani ango,
almakashi ya suɓuce ya faɗi.
Na duƙa in ɗauka,
hannun ya yi mini kallon baƙo, ya ƙi.

Shekara talatin da ɗaya
wannan hannun yana ciyar da baki bakwai.
Shi ya kai Barnaba lakwal har ya ƙare,
shi ya rufa asirin rabin unguwa kowace salla.
Bai taɓa yin fashi ba,
sai ga shi ya tafi ko sallama babu.

A likita suka ce jini ne ya hau.
Ni da allura ke bin umarnina tun ina yaro,
yau ita ke shiga jikina safe da yamma.
Jika arba'in ta narke cikin kwana shida.
Damaris ta sayar da tunkiyarta,
ta ce mini wai dama ta gaji da kukanta.

Kada in yi muku ƙarya:
na yi fushi da Ubangiji.
Dare goma sha ɗaya ban ce masa uffan ba.
Ina kwance a tsakar gida, bazara na gasa katanga,
duwatsun Damagaram na amayar da zafin da suka sha,
kuran ya ɗauke, famfo sai tari yake.
Na ce a raina, ko kare ya san mai ba shi tuwo,
ni da nake share majami'a tun ba ta da rufi,
wannan ce ladata?

Dare na goma sha biyu, wajen ƙarfe uku,
famfo ya yi gyaran murya.
Na ji Damaris ta tashi tana jera bido,
ruwan na zuwa siriri, kamar zaren lilo.
Ba ta tsine wa kowa ba.
Ta zauna kan turmi, tana jira, tana addu'a ƙasa-ƙasa,
sunana na faɗowa cikin maganarta
kamar ɗigon nan cikin bido.

A nan wani abu ya kwance a ƙirjina,
irin ƙullin da ke sakin kansa in ka daina ja.

Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba,
tafkin bayan gari ne iyakar tekuna,
amma na tuna da wanda ya yi barci a jirgi
iska na neman kifar da shi.
Na ce, Yesu, in barci kake, to, a jirgina kake yi.
Matsa mini in kwanta kusa da kai.
Na tuna kuma, nasa hannun ƙusa ta ratsa,
da ya tashi bai ɓoye tabon ba.

Hannuna bai warke ba. Kada ku jira wannan labarin.
Yana nan kan cinyata kamar ɗan da ya yi barci.

Malam Tankari mai shayi, maƙwabcin shagona,
shi ya riƙe mini makulli, ya biya hayar wata biyu.
Na buɗe baki zan gode, ya ce sha shayinka zai huce.

Yanzu Lidiya, autata, ke taka keken.
Layinta na karkata kamar hanyar akuya,
ina zaune gefe ina cewa warware, sake.
Hannun hagu ya koyi riƙe alli,
ya koyi ɗaukar gurasa ranar Lahadi,
ko da yake rabinta a ƙasa take ƙarewa.

Angon nan ya zo karɓar rigarsa bayan biki ya wuce.
Ya juya ta ciki da bai,
ya ce ina aikinka ya tsaya, ina nata ya fara?
Na duba, na sake dubawa.
Na nuna masa wurin,
na yi dariya da rabin bakin da ya rage mini.