Gurbin da Na Bari

Ƙarfe ɗaya na dare a Agege.
Janareton maƙwabta ya yi tari sau biyu, ya mutu.
Saura ni da hasken kwamfuta
da wani sauro mai naci.

Alhaji Ɗantsoho, dillalin albasa a Mil Sha Biyu,
tambaya ɗaya ya ɗora mini:
"Barira, su wa nake bi fiye da dubu ɗari biyar?"
Littattafansa goma sha ɗaya na juye cikin rumbu,
cinikin shekara uku, buhu-buhu,
har yanzu yatsuna warin albasa suke.

Da farko a bakin ƙofa na kafa rariya,
na ce duk layin da bai kai ba ya koma.
Rumbu ya amsa: babu kowa.
Ashe ba mai cin bashi a dunƙule;
buhu biyu ran Litinin, uku ran Alhamis,
kamar yoyon kwano a ruwan Yuni,
ɗigo ba ya ba da tsoro
sai ka leƙa bokiti da asuba.

Sai na tara kowa ƙarƙashin sunansa,
Iya Morenike da nata, Chidubem da nasa,
na haɗa lissafi, sannan na ɗora rariya.
Tari tukuna, tankaɗe daga baya.

Can kuma Mas'udu ya karya mini aiki.
Ba shi ba, bawan Allah, yana barcinsa a Ketu;
'yar hamzar nan ce mai lilo a tsakiyar sunansa.
Na ɗinke sunan a jikin umarni,
inji ya kai kanta ya ɗauka magana ta ƙare,
sauran ya zubar a ƙasa.
Na yi tagumi.
In suna marar laifi ya iya ɓalle ƙofa,
ina ga ɓarawon da zai rubuta umarni
a inda aka ce ya rubuta suna?

Na farke ɗinkin.
Na bar gurbi, na dasa alamar tambaya a ciki,
ɗaya don suna, ɗaya don adadi.
Umarni ya shige gaba, saƙo ya zauna baya,
kamar a danfo:
komai surutun fasinja
ba a miƙa masa sitiyari.

Gobe Alhaji zai sake ra'ayi, na san halinsa.
Ba sai na sake gini ba,
lamba kawai zan sauya.

Na gwada dubu ɗari biyar: sunaye bakwai.
Na gwada ɗari uku: goma sha tara.
Na sha huɗu a jerin,
Tanimu.
Yayana.
Wanda ya biya kuɗin karatuna a Yaba
ya ce daga riba ne.

Yatsana ya daɗe a kan maɓalli.
Ɗari uku da hamsin, da ya ɓace
kamar ba a taɓa haifarsa ba.
Gurbi bai san ɗan'uwa ba;
abin da aka zuba masa yake aunawa,
ni ce mai zubawar.

Jirgin ƙasa ya wuce, taga ta yi rawa.
Na bar gurbin yadda yake, wayam.
Na ɗauki waya, na duba abin da ke asusuna,
na fara wani lissafin
wanda ba ya buƙatar rumbu.